Garejin Baba Wakili

Da yatsa biyu tsohon ya kwance notin. Bai ɗauki sifana ba, bai ko yi nishi ba. Muna kwance rigingine a ƙarƙashin motata, a wani ƙauye bayan iyakar Dahomi, ƙasa tana gasa mana baya, ya kama notin da ke riƙe da sandar sitiyari ya murza kamar mai buɗe kwalbar turare, sai ga shi a tafin hannunsa. Ya goge baƙin man da aka dulmiya shi da shi a gefen wando, ya soma warware wani abu daga cikin haƙoran ƙarfen. Zare ne. Zaren auduga irin wanda tsofaffi ke kaɗawa da mazari, an naɗa an sake naɗawa, don noti ya yi kamar ya kama.

Ya miƙo mini ya ce, "Tun daga ina ka taho bisa wanga?"

Na ce daga Bagudo, da shinkafa cike da bodi, da mutum goma sha tara a kan kaya.

Sunansa Bunyaminu, mutumin Dandi ne, tsohon sojan Faransa, yatsa uku suka rage masa a hannun hagu. Ban san shi ba kafin ranar. Wani ɗan ƙwas-ƙwas na riƙa ji a sitiyari tun daga Kaoje, da na sauke kaya na tambayi wani mai sayar da gishiri ko akwai mai taɓa mota a nan kusa, ya nuna mini wata tsamiya da tarin ƙarafa a gindinta.

Da muka fito muka zauna, ya yi mini bayani da Hausarsa mai ɗaurin harshe. Motata ta Ingila ce, ƙarfenta awon Ingila. Notin nan na Faransa ne, daga mushen motocin da Faransawa suka bari da za su tafi. A ido ɗaya suke, a haƙori ba sa jituwa. Wani ya cire na ainihi ya sayar, ya sa wannan, ya cike giɓin da zare. Ya ce da na ƙara faɗawa rami biyu ko uku, sitiyari zai riƙa juyawa a hannuna kamar faifai, taya kuma ta tafi inda ta ga dama.

Ya tambaye ni wa ya taɓa mini motar a ƙarshe. Na sunkuyar da kai. Ya dube ni da kyau, ya ce to, ba sai na faɗa ba.

Ba shi da notin Ingila, kuma bai ɓoye mini ba. Ya ce in zan iya jira, zai sassaƙa wani da zarto. Kwana biyu na yi a gindin tsamiyar nan. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk sanda na tashi zan ɗan zaga gari sai ya kira ni, ya ce in dawo in zauna, shi ba ya taɓa motar mutum sai idon mai ita na kan hannunsa. Da ya gama ya damƙa mini tsohon notin da zaren, ya ce nawa ne, in tafi da abina.

* * *

Ni ne Ango Direba. Duk wanda ya hau mota tsakanin Bagudo da Tsamiya a wancan zamani, in yana raye ya san sunan, in ya mutu 'ya'yansa sun ji. Shekara arba'in da ɗaya na yi a kan sitiyari, ko kaza ban taka ba. Ban taɓa shiga aji ba, har yau lambar motata da siffa nake gane ta, amma ka tayar da inji a bayan katanga in gaya maka abin da ke damunsa. Akawu nawa na ɗauka da biro a aljihu, mota ta yi tari su dube ni kamar marayu. Abokan aikina na lokacin duk sun tafi, wasu a gado, da yawa a hanya. Ni ga ni, da haƙorana nake cin goro.

Wannan abin ya faru ne wata biyu bayan an sauke tutar Turawa. Kowace mota da 'yar tutarta kore da fari a goshi, kowa bakinsa ƙasa ta zama tamu. Baturen da kan zo duba motoci sau ɗaya a shekara ya tattara ya tafi, wanda zai gaje shi bai iso gare mu ba tukuna. Motoci bakwai ne a duk yankinmu, har da na Zagga da Matsinkai, gareji kuwa ɗaya tak, na Wakili.

Ko yanzu da ya shekara talatin a ƙasa, sunan nan nauyi yake mini a baki, domin surukina ne. Shi ya haifi Rahmatu, matata. Baba nake ce masa. In na hango shi a hanya ratsewa nake, in ba wurin ratsewa in tuɓe takalmi in durƙusa har ya wuce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. Haka muka tashi muka tarar, kuma ban ce laifi ba ne.

Garejinsa zagaye yake da dogon zana, ya fi tsawon mutum. Ka kawo mota, shi da kansa zai karɓi sitiyari ya shige da ita, a ja ƙyaure. Kai kuma a shimfiɗa maka tabarma a inuwar maɗaci, a kawo fura mai sanyi daga cikin gida. Leƙa bayan zanan nan daidai yake da ka ce wa dattijo ɓarawo a tsakiyar kasuwa. Baƙo ma ba ya yi, balle ni. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, sahun farko a masallaci, farar rigarsa ko ɗigon mai ba ka gani. In ya fito da motarka zai shafa goshinta ya ce ta warke, sai dai ikon Allah. A 'yan shekarun nan motoci biyu sun faɗi, ɗaya a hanyar Kurgu, ɗaya kusa da Zagga, duka ba a daɗe da fito da su daga bayan zanan ba. Ikon Allah muka ce, ni ma da bakina na faɗa.

Ina tuƙi zuwa gida, notin nan a aljihu yana bugun cinyata, abu ɗaya ke kaina. Ƙanena Manu, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa mota. Ranar da na fito na bar shi yana cewa sifirin motar da yake ja wa wani ɗan kasuwa ya karye, zai kai wa Baba.

* * *

Na iso da la'asar. Rahmatu tana tankaɗe a tsakar gida. Ban yi dogon zance ba, na ajiye notin da zaren a kan faifanta, na gaya mata inda aka ciro su.

Notin ba ta dube shi ba. Zaren ta ɗauka, ta ja shi tsakanin yatsu, ta kai kusa da ido. Na ga hannunta ya tsaya. Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, kaɗin innarta ne, ba mai murza zare siriri haka a unguwarsu sai ita, Baba kan shiga ya yanka a mazarinta ya ce zai ɗaure wani abu.

Sai ta juya ta jefa shi a murhu. Kafin in miƙa hannu ya zama toka.

"Malam, da abin da ke fitowa bayan zanan nan aka ciyar da ni har ka gan ni ka ce kana so," in ji ta. "In za ka faɗa, kai ka sani. Ni dai ban ji ba."

Ta koma ga tankaɗenta, gari yana zuba a ƙasa, ba ta lura ba.

Suruki ba ya tarar surukinsa da magana. Sai ya nemi dattijon da zai ɗauka ya kai. Na tafi wurin Malam Atiku, aminin Baba, wanda shi ya shige mini gaba lokacin neman aure. Na zayyana masa komai, na sa notin a hannunsa, na ce ba tonon asiri nake so ba, ba na neman a biya ni komai. Motar Manu tana bayan zana yanzu haka. A ce wa Baba duk abin da aka cire a mayar, magana ta mutu a nan. Malam Atiku ya jinjina kai ya ce wannan babbar magana ce, amma ya san yadda zai ɗauke ta.

Washegari da hantsi muka je. Shi ya shiga zaure, ni na durƙusa a waje jikin bango, inda zan ji ba za a gan ni ba, kamar yadda aka saba. Suka gaisa, suka taɓa zancen kaka, da na zaɓe, da na ciwon ƙafar liman. Da aka zo kan tawa, sai na ji maganata tana fitowa daga bakin Malam Atiku an wanke ta an shafa mata mai har ban gane ta ba. Wai ɗansa Ango ya dawo daga Dahomi lafiya, yana gaisuwa. Wai mota ta ɗan yi masa gardama a hanya, wani can ya taɓa ta, amma ya ce hannu irin na Baba babu. Wai yana roƙon alfarma, tunda ta ƙanensa tana ciki, a dube ta da idon rahama.

Notin bai fito daga aljihunsa ba.

Baba ya yi dariya, irin tasa mai taushi. Ya tambaya wa ya taɓa motar a can. Malam Atiku ya ce wani Bunyaminu. Da Baba ya sake magana ya ɗaga murya kaɗan, daidai yadda za ta tsallake bango.

"Mai yatsa ukku? Na san shi. Ka ce ma yaron ga na ji, na gode. Ka kuma ce mai, wanda gidanmu ya yi ma ƙanƙanta wajen gyaran mota, wataƙila ya yi mai ƙanƙanta wajen aure. Ɗakin Rahmatu na nan, ba a rushe ba."

A hanyar komawa Malam Atiku ya ce ai na ji, dattijo ya fahimta, manya ba a yi musu gwari-gwari. Na ce ya ba ni notina. Ya lalube aljihu ya ce wataƙila ya faɗi.

* * *

Ranar Talata aka fito da motar Manu. An wanke ta, an ɗaura mata sabuwar tuta. Na bari sai da ya kai ta ƙofar gidanmu, na ce ya biyo ni da ita bayan gari, wajen wata fadama inda ba idon mutane. Can na gaya masa, ba kwana ba ɓoyo.

Manu mutum ne mai dariya, ƙato, ya fi ni tsawo da kai guda. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko mun yi faɗa da Rahmatu ne. Na ce ya kawo sifana.

Na shiga ƙarƙashin motar nan na fara daga inda Bunyaminu ya nuna mini. Na goge notin sitiyari, na kwance shi gaba ɗaya. Na Ingila ne, lafiyayye, ba zare ba komai. Na bi notin tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Na bi na sifirin da aka gyara. Na ƙwanƙwasa, na saurara, na girgiza. Na hau na taka birki, ya tsaya ƙyam a ƙarƙashin ƙafata. Tun rana na tsaka har inuwa ta miƙe ina abu ɗaya, ban sami ko ƙwayar laifi ba.

Manu yana zaune a kan tudu yana cin rake. Da na fito baƙi ƙirin da mai, ya ce, "Yaya, Dandawa sun ba ka wani abu ka sha ko? Tsoho ya ba ka 'ya, kai kuma ka saka mai da bincike."

Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Har na soma cewa a raina wataƙila saƙon Malam Atiku ya yi aiki, dattijo ya ji nauyi ya mayar da abin da ya ɗauka. Amma hankalina bai kwanta ba. Ni kunne gare ni, na san inji in yana tafiya. Hannun ɓarawo kuwa wuri ɗaya kawai aka nuna mini inda yake shiga, mota kuma wuri dubu ce.

Na ce masa to, ya yi mini abu ɗaya don darajar nonon da muka sha. Ranar Alhamis dukanmu muna da lodin kasuwar Tsamiya. In mun sauke, mu ƙarasa Dahomi, tafiyar ba ta da nisa, tsohon nan ya duba motar da idonsa. In ya ce lafiya, ni zan sayi rago in yanka, Manu ya ci shi kaɗai. Ya ce a kan rago ko Makka zai bi ni, amma in zaɓi mai kitse.

Kwana biyu ne tsakani. Na ƙirga hanyar a kaina ba sau ɗaya ba. Daga Bagudo zuwa bakin kogin Kwara shimfiɗe take. Daga ƙetare zuwa Kaoje yashi ne, mota ba ta gudu. Wuri ɗaya ne kawai, gangaren mashigi, inda ake sauka zuwa jirgin fito. In ya wuce nan, na kai shi hannun Bunyaminu.

* * *

Ranar Alhamis muka isa bakin kogi rana ta ɗan ɗaga. Kwara ta cika da baƙin ruwan nan da ke zuwa bayan kaka, mai tafiya shiru ba kumfa. Jirgin fito na lokacin manyan kwale-kwale ne aka haɗa, aka shimfiɗa musu katako, Sarkawa masunta ke tura shi da gora. Mota ɗaya yake ɗauka. Ni ne babba, ni ke fara sauka kullum. Ranar nan, saura kaɗan mu kai, Manu ya zagaye ni ta cikin ciyawa yana busa ƙaho, ya leƙo yana nuna mini ƙahon rago da yatsu a kansa.

Ƙa'idar mashigin ita ce, a kan tudu kowa ya sauka ya gangara da ƙafa, mota ta bi a hankali. Amma ba a saukar da tsofaffi da masu jego, tausayi ake ji musu. Mutanen Manu suka diro, mata da ƙwarya a ka, maza da sanduna, suka kama gangara. Aka bar tsofaffi huɗu a bisa buhunan albasa, da wata Saratu daga Kurgu da jaririnta na kwana arba'in.

Na tsayar da tawa a kan tudu na kashe inji don in ji tasa.

Ya sa giya ta ɗaya, daidai yadda na koya masa. Ta soma sauka tana gurnani. Tsawon igiya biyu komai lafiya. Sai na ji giyar ta fice, kamar yadda takan yi wa tsofaffin motoci in kaya ya danno su daga baya. Wannan ba komai ba ne, birki ake takawa a mayar. Na kasa kunne. Abin da na ji shi ne ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, fedar birki tana dukan ƙasan mota. Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku, da sauri.

Ban san lokacin da na diro ba.

Motocin zamanin ba su da ƙofa a wajen direba. Taki ɗaya Manu zai yi ya faɗa cikin yashi, ya tashi ya kaɗe riga. Amma hanyar cike take da matan da ya sauke, sun ba shi baya. Ya kwanta a kan ƙaho, yana murza sitiyari, yana ratsa su. Na ga wata ta yar da ƙwarya ta faɗa gefe, na ga wani ya fizge 'yarsa. Ko ɗaya bai taɓa ba. Wannan hannun koyarwata ce, kuma har gobe ina faɗa. Wani Basarke ya jefa gungumen weji a gaban taya, ta haye shi kamar ta taka ɓawon gyaɗa. Ta hau katakon jirgi, ta bi tsawonsa, ta fita ta ɗaya bakin.

Ba ta yi ƙarar da za ka zata ba. Ruwan ya buɗe, ya rufe. Sai albasa ta soma tasowa, ja, da yawa, tana bin kogi.

Sarkawa sun yi abin da za su iya. Sun fito da tsohuwa ɗaya da rai, sun fito da Saratu da rai, zanen goyonta ba kowa a ciki. Manu sai bayan azahar suka ciro shi daga mazauninsa.

Ana ta koke-koke a bakin ruwa, ni kuma ƙafata ta ɗauke ni na koma sama, ina bin sawun tayarsa. A tsakiyar sawun na ga wani siririn layi mai duhu a kan jar ƙasa, ya faro daga inda na ji dukan farko. Kiyashi sun riga sun jeru a kansa. Man birki dafi ne, ko ƙuda ba ya sauka a kai. Na durƙusa na dangwala na kai harshe.

Man gyaɗa ne. Irin na tuyar ƙosai.

Man birki na gaske a gwangwani yake zuwa daga Ikko, a shekarar nan ya yi wuya, a Dahomi kuwa kamar zinariya. An zuƙe nasa an ɗura wannan. In mota na tsaye ka taka, zai riƙe. Sai ta yi zafi, da kaya, a gangara, sannan roba ta saki. Na taka birkin nan da ƙafata ranar Talata na ce lafiya. Murfin tulun man yana nan kusa da gwiwata, ban buɗe na sansana ba, domin ni noti aka nuna mini, noti nake nema.

Ina durƙushe a wurin mutanen ƙauyukan kusa suka ɓarko da gudu, da jakuna da shanu, suka bi ta kan layin. Da ƙura ta lafa babu abin da ya rage.

* * *

Baba ne ya sayi likkafanin duka. Shi ya tsaya a kan wankan Manu, ya yi kuka har rawaninsa ya kwance, aka riƙa riƙe shi. Kwana bakwai abinci na fitowa daga gidansa zuwa namu. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce mini na yi dacen suruki.

Na koma wurin Malam Atiku na gaya masa abin da harshena ya ɗanɗana. Ya tambaye ni wa ya gani ban da ni. Ya ce mota tana ƙasan Kwara, yaro yana ƙasan ƙasa, in na buɗe baki aurena zai mutu, tsohuwarmu kuma baƙin ciki biyu zai haɗu mata, ba kuma alƙalin da zai saurari ɗanɗanon harshe. Ya ce in bar wa Allah. Rahmatu ba ta tambaye ni komai ba. Tun daga ranar dai ba ta ƙara soya abu da man gyaɗa a gidana ba, ni kuma ban taɓa gaya mata ba.

Motata ba ta sake shiga bayan zanan nan ba. Ko fitila ce ta mutu sai na ƙetare iyaka, har Bunyaminu ya rasu, na zama ni ke gyara abina. Direban Zagga na ja shi gefe na ce ya riƙa sansana man birkinsa, ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce mutuwar ƙanena ta taɓa ni. Shi ma bai ga ƙarshen shekara ta uku ba. Ni na gani, na ga arba'in bayanta.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse, innarmu Asibi ta aiko a kira ni. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana fuska da fuska. Na same ta zaune tana fuskantar bango, ta rame har zobenta na yawo a yatsa. A gefenta akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da ta jawo daga ƙarƙashin gadon Manu. Ta buɗe. Sifanu ne sababbi, jere daga ƙarami zuwa babba, kowanne naɗe da tsumma. A Jega Manu ya saye su, bai taɓa ɗora su a kan noti ba, yana jira sai ya sami motar kansa.

Ta yi wa bango magana ta ce a kai wa mai gareji. Shi ya suturta mata ɗa, shi ya san darajar ƙarfe, ba ta da abin da za ta gode masa da shi sai wannan.

Na buɗe baki. Na dubi ƙashin wuyanta yana hawa yana sauka. Na rufe.

Na ɗauki akwatin a ka na ratsa gari da shi. A ƙofar zaure na tuɓe takalmi, na shiga da rarrafe, na tura shi gabansa, idona a ƙasa, na isar da saƙon Inna kamar yadda ta faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Hannuwansa kawai nake gani. Ya warware tsumman ɗaya bayan ɗaya, yana jera sifanun a kan buzu. Ya ɗauki babban ya auna nauyinsa a tafi, ya ƙyasta shi da farce ya kai kunne, ya saurara har ƙarar ta mutu.

Ya ce ƙarfe ne mai kyau. Ya ce Allah ya jiƙan yaro, ya sa ya huta.

Na ce amin.